Gwiwar Hagu ta Inna

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe Inna ta faɗi. Na san lokacin ne domin malamin kwastan yana tsaye kusa da ni a inuwar tsamiya, hannunsa a ƙugu, ni kuma tun da na iso idona yana kan agogonsa. A shekarar aka koya mana duba agogo a makaranta, kuma a duk garinmu ban san wani mai ɗaura shi a hannu ba sai shi. Ina cikin tabbatar wa kaina cewa dogon tsinken ya hau kan tara, sai na ji ƙara, ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Shekarar da aka ba mu mulkin kai ce, da damina. Ina da shekara goma sha huɗu, na zo hutu daga makarantar kwana a Birnin Kebbi. Mahaifina ya rasu tun ban yi wayo ba, saboda haka mu uku ne a gida: ni, da Inna, da Kaka wadda ta haife ta. Inna dako take yi a bakin kogi. Jiragen ruwa suna gangarowa daga wajen Dole Kaina da Dahome, ƙasar da yanzu ake kira Binin, ɗauke da gishiri da manja da busasshen kifi. Idan sun tsaya a mashigi, mata ne ke kwashe kayan a ka, su hau gaɓa da su har rumfunan da jakuna ke jira don a kai kasuwar Illo. Da wannan aikin muke ci.

Ba ta taɓa barina na je wurin ba. Ran nan mantuwa ta yi, ta bar goran furarta a gindin rumbu, Kaka ta ce in bi ta da shi.

Da na waiwaya sai na ga Inna a ƙasa, a kan gefenta, buhun gishiri ya danne mata kafaɗa. Ba ta yi ihu ba. Bakinta a buɗe yake, amma babu abin da ke fitowa. Goran ya suɓuce daga hannuna.

Matan ne suka fara isa gare ta. Gwaggo ce a gaba, wata doguwar Badandiya mai babbar murya. Ba danginmu ba ce, ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, amma tun ina goye nake ce mata Gwaggo.

"Ku ja buhunga! Ke, kama can. A hankali, ba gawa munka ɗauko ba."

Suka ɗage buhun. Wata tsohuwa ta leƙa, ta gyara gammon da ke kanta, ta ce, "Ta gidansu ce ta iso." Sauran suka gyaɗa kai. Biyu daga cikinsu har sun juya sun koma wajen jirgi, domin mai kaya yana kira.

Wannan ne ya fara girgiza ni, fiye da faɗuwar. Babu wadda ta yi mamaki.

Gwaggo ta ɗage zanen Inna har cinya. Ban taɓa ganin gwiwar uwata ba. Ɗaki ɗaya muke kwana, ƙwarya ɗaya muke ci, amma kullum zanenta har idon sawu yake. Ta hagun ta kumbura, ta kusa kai kan jariri. Fatar saman ta yi baƙi, ta yi kanta mai kauri kamar gwiwar raƙumi. Gefe da gefe kuwa duk tabon tsagar wanzami ne, layi bisa layi, wasu sun tsufa sun shafe, wasu ko ɓawonsu bai gama faɗuwa ba. Ko ni da ban san komai ba, na gane wannan ba ciwon yau ba ne.

Inna ta buɗe ido ta gan ni. Abin da ta fara yi shi ne jan zanen ta rufe.

"Wa yac ce ki taho nan?"

Malamin kwastan ne ya sa aka kawo jaki. Gwaggo ta riƙe ta a gefe guda, ni a gefe guda, har gida. Duk takun da jakin ya yi sai ta matse min yatsu.

Kaka tana bakin ƙofar ɗakinta, inda take kullum. Ba ta tafiya. Tana da wata 'yar fatar akuya da take zama a kai, idan za ta matsa sai ta dafa ƙasa da hannu biyu ta ja jiki. Tun da na buɗe ido haka na same ta, har na ɗauka haka kakanni suke. Ta kalli jakin, ta kalli ɗiyarta, ta ce a shimfiɗa tabarma kusa da ita.

Da la'asar, bayan mutane sun ragu, na tattara ƙarfin hali na tambaye ta.

"Kaka, mene ne ya same ta?"

"Gado ne. Uwata da shi ta koma ga Allah. Ni ga ni. Ga uwarki." Ta nuna ni da leɓe. "Ke ma, malamar takarda, naki na nan tahe. Ki yi ta gudunki tun ƙahwahun na jin maganarki."

Ta yi dariya, irin wadda take yi idan ta tsokane ni. Ni ban yi ba. Na shiga bayan rumbu na ɗage rigata, na daɗe ina latsa gwiwoyina ɗaya bayan ɗaya.

Washegari wanzami ya zo ya kafa ƙaho. Shi cewa ya yi sanyin kogi ne ya taru. Wata maƙwabciya ta ce a binciki mashigin, ƙila an binne wani abu. Inna dai tana kwance tana kallon rufin ɗaki, wanda duk ya faɗi nasa sai ta ce, "Haka ne."

A kwanakin nan na fara ganin gidanmu kamar baƙuwa. Akwai igiya da ke rataye a jikin azara, daidai kan shimfiɗar Inna. Da na ɗauka ta shanya ce. Yanzu na ga ita take kamawa ta tashi, har wurin kamun ya yi santsi da baƙi. Akwai turken da aka kafa a ban ɗaki, wanda ban taɓa tambayar amfaninsa ba. Na tuna yadda take zaman tahiya da ƙafar hagu a miƙe a gefe, ni kuwa har na taɓa raya wa kaina cewa ba ta iya ba ne, idan na ƙara karatu zan gyara mata. Na ji kunyar wannan tunanin ƙwarai.

Bayan mako biyu kumburin ya fara saɓewa. Inna ta soma dogara sanda zuwa bakin zaure. Ran nan na ji tana ce wa Gwaggo, "Ki ce su riƙe mini wurina. Kahin ruwa ya ja baya ina nan tahe."

Na kalli Kaka a kan fatar akuyarta. A lokacin ne na gane inda Inna ta nufa, kuma ban ga kowa a gidan ko a garin da ke shirin tare ta ba. Idan gado ne, babu abin tarewa. Amma wani abu ya tsaya mini a rai: Inna tana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, da ke aure a Kende. Kaɗi take yi da saƙar faifai. Na gan ta da idona bara tana tsallake kwata da tulu a kai. Me ya sa gadon ya tsallake ta?

Na koma mashigi ranar kasuwa ta gaba. Na ce wa Inna zan je karatu a inuwa, kuma ban yi ƙarya ba, na tafi da littafi. Na zauna a gindin tsamiyar nan na buɗe shi a cinya, amma ban karanta ko layi ɗaya ba.

Ga yadda suke yi. Mace za ta zo gaban buhu, ta gyara gammo, ta durƙusa da gwiwar hagu a ƙasa, ƙafar dama a kafe a gaba. Mata biyu su ɗaga buhun su aza mata. Ta ce bismillah, ta yunƙura. Ana so a tashi da dama, a fara taku da dama, domin albarka. Amma kafin damar ta ɗauka, duk nauyin yana kan gwiwar hagu, kuma da za ta juya ta fuskanci gaɓa, a kan gwiwar take murzawa, a kan tsakuwa. Sai hawa. Gaɓar a tsaye take, ruwan sama ya sa ta santsi, suna hawanta a karkace suna kafa yatsu. A rumfa kuma ba a jefar da kayan mutane. Sai an sake durƙusawa, da hagun dai, a sauke a hankali. Sannan a gangaro a sake.

Na sa ido a kan Gwaggo ita kaɗai. Duk sawun da ta yi sai in ajiye ƙwallon tsamiya a gefena. Kafin azahar na tara ashirin da uku.

'Yan matan cikinsu suna tafiya daidai. Masu goyo sun fara jan ƙafa kaɗan. Manyan kuwa duk ɗingishi suke yi, kuma duk ɓari ɗaya suke karkata, kamar tare aka koya musu. Sai mace ɗaya. Ita ɗingishinta na dama ne. Na yi ta kallonta ban gane ba, sai da ta zo ɗaukar kaya. Bahaguwa ce. Da dama take durƙusawa, ta tashi da hagu. Tana yunƙurawa wata ta ɗaga murya:

"Ga mai tashi da ƙahwar shiga ban ɗaki! Allah Shi tsare gishirin mutane!"

"Gishirin ubanki ne?" in ji ta, ta wuce. Aka bushe da dariya.

Tsigar jikina ta tashi. Na rufe littafin.

Sai da na yi zuwa uku kafin na iya buɗe baki. Ni ba mai magana ba ce. A makaranta ma, ko na san amsa, sai malama ta kira ni sau biyu. A rana ta uku Gwaggo ta zo shan fura kusa da ni, ta zauna ta miƙe ƙafa tana murza gwiwa.

"Ke ɗiyata, kullum kina nan kina kallonmu kamar mujiya. Turawa sunka aiko ki ki ƙidaya mu kahin su tahi?"

"A'a, Gwaggo." Na sunkuyar da kai. "Gwaggo, ku ma a gidanku gado ne?"

"Mi?"

"Ciwon gwiwa."

"Wane gida? Uwata kitso taka yi. Har ta mutu in ta bi ki da muciya sai ta kama ki."

"To naki fa?"

"Nawa sanyin kogi ne."

"Na waccan fa, mai ɗingishin dama?"

"Wagga? Alhakin tashi da hagu ne, mun hwaɗa mata ta ƙi ji." Ta kurɓi fura, ta dube ni ta gefen ido. "Ke dai karatunga zai sa ki ciwon kai." Ta dafa tsamiya ta miƙe, gwiwarta ta yi ƙara har na ji daga inda nake.

Ciwo ɗaya, amma kowace da sunan da ta ba nata.

Akwai ɗakin shan magani a gari, da malamin asibiti guda ɗaya, wani siririn mutum mai furfura a gemu. Inna ba ta so zuwa ba. Kuka na yi mata, abin da rabona da yi tun ina ƙarama, sannan ta yarda, kuma ta ce don kada in tara mata mutane ne.

Ya sa ta zauna a benci. Ya dafa tafinsa a kan gwiwar, ya ce ta lanƙwasa ta miƙe. Sai ya kira ni.

"'Yar makaranta ce ke? Kawo hannunki nan."

Na aza. Inna ta motsa ƙafar. A ƙarƙashin tafina na ji wani abu yana gurzawa, kamar ana niƙa tsaki a dutse. Na fizge hannuna.

"Inna, shekara nawa kina dako?" in ji malamin.

"Tun ban yi zane ba."

Ya juyo gare ni. "Kin taɓa cin ƙafar akuya? Kin ga farin abin nan mai santsi a bakin ƙashi?"

"Guringuntsi," na ce.

"Madalla. Shi ke hana ƙashi cin ƙashi. Nata na wannan ƙafar ya cinye. Kaya ne suka cinye shi, da durƙuso, da hawan gaɓa. Ba sanyi ba ne, ba kuma jifa ba."

"Ba gado ba ne?" na ce.

"A wasu gidajen yakan fi saurin kamawa. Amma wannan da kike gani, aiki ne. Masu dako nawa suka zauna a bencin nan."

"Zai sake tsirowa?"

"Ba ya tsirowa." Ya fara naɗa bandeji. "Inna, ki saurare ni da kyau. Wannan ta hagun ta ƙare. Idan kin ajiye kaya yau, za ki yi tafiyarki da sanda har tsufa, ki je masallacin idi, ki je biki. Idan kin koma, ba na jin za ki daɗe a tsaye."

"Allah Shi saka da alheri, malam," in ji Inna. Ta karɓi kwalbar man shafawa ta ƙulle a bakin zane.

Dole in faɗi gaskiya, a hanyar komawa akwai wani ɗan daɗi a raina. Abin da na gani da ƙwallayen tsamiya, shi babban mutum mai farar riga ya faɗa. Na ɗauka an gama. Tunda an san dalili, ai sai a bari.

Muna shiga gida na durƙusa gaban Kaka, na kwashe komai na gaya mata, har da bahaguwar, har da ƙanwar Inna ta Kende. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a gabanta ba. Tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba har na gama.

"To, sannu da aiki," ta ce. "Sai da kinka je Birnin Kebbi kinka gano kaya na da nauyi?"

"Amma ke kika ce gado ne."

"Gado ne mana. Wa yab ba ni gammo? Uwata. Wa yab ba uwarki? Ni. Tana da shekara bakwai na naɗa mata shi da hannuna, ni na nuna mata ƙahwar da za ta aje ƙasa." Ta hura ɓawon gyaɗar daga tafinta. "Ta Kende ciwon ƙirji gare ta tana ƙarama, shi yas sa ban aza mata ba."

Na dubi Inna, ko za ta musa. Tana zaune a bakin ɗaki tana warware ƙullin kwalbar.

"Kun sani?" na ce. "Duk kun sani?"

Kaka ta miƙo mini gyaɗa.

Saura kwana tara in koma makaranta. An ce mu dawo da wuri domin koyon maci da waƙoƙin ranar da za a sauke tutar Turawa. A kwana taran nan tambaya ɗaya nake yi wa Inna, safe da yamma: za ki bari? In ta ga na nufo ta sai ta aike ni ɗebo ruwa. Wani lokaci ta ce in duba mata ƙwarƙwata. Na kawo mata shawarar ta riƙa dafa shinkafa tana sayarwa a zaure, ta ce masu dafawa a unguwar sun fi masu ci yawa. Na ce ta koma Kende wurin ƙanwarta, ta ce, "In kai musu bakina da na uwata?" Rana ɗaya na ce to ni zan zauna, in karɓi wurinta a mashigi. Nan ne kawai ta ɗaga murya.

"In kinka taɓa gammo, ban yahe miki ba."

Daga nan ta aike ni ɗebo ruwa.

Ranar tafiya, da hantsi, na ɗaure akwatina, na fito in yi musu sallama. Ban ga kowa a tsakar gida ba, fatar akuyar ma ba ta bakin ƙofa. Sai na ji muryar Kaka daga bayan rumbu.

"A'a, kin yi gaggawa. Kahe diddigen tukuna. Sake."

Na zagaya. Kaka tana zaune a ƙasa, ta jingina da rumbu. An kifa turmi, an aza masaki cike da gero a kansa. Inna tana durƙushe a gaban turmin da gammo a ka, sandarta a yashe a gefe. Ta jawo masakin ta aza, ta yunƙura. Ƙafar da ke naɗe da bandeji tana rawa kamar za ta karye, gero yana zuba ta bayan wuyanta. Ta kai rabi, ta koma ƙasa. Zufa ta jiƙa mata riga. Sai a lokacin na lura da gwiwar da ke ƙasa. Fatarta sumul take, babu kanta, babu tsaga, har tsakuwa ta ɗan yanke ta tana jini.

"Inna," na ce. "Inna, ba ki ji abin da malamin ya ce ba? Don Allah ki gaya mini. Za ki bari?"

Ta sauke masakin a kan turmi. Ta share fuska da bakin zane, ta dube ni sosai, abin da ba ta yi ba tun ranar da ta faɗi.

"Na ji shi sarai, ɗiyata. Cewa ya yi ta hagu ta ƙare, kuma gaskiya tai. Bai ce komi ba bisa ta dama. Wagga sabuwa ce, ban taɓa aza mata kaya ba. Uwata da guda ta yi aiki, ta zauna. Ni biyu za ni ci. Kahin ita ma ta ƙare, kin gama karatunki. Ɗauki akwatinki, kada mota ta bar ki."